Daɓe da Karo a Ɗakin Kakata

A ranar Talata 3 ga Satumba, 2024, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe, bayan ruwan da aka yi ta tafkawa a daminar wannan shekara. Ginin ƙasa ne da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma babu ɗan Birnin da ya taɓa kawowa a ransa cewa zai wayi gari ya tarar da tarin ƙasa a gurbinsa. Gidan kakannina na wajen uwa ba shi da nisa da wurin. Kwana biyu da aukuwar lamarin, kawuna, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanmu, ya tara mu a zaure bayan la'asar, ya ce ba zai ƙara samun barci ba muddin mahaifiyarsa tana kwana ƙarƙashin rufin ƙasa. Idan ɗakin Allah da sarakuna suka gina zai iya zubewa, in ji shi, ina ga soron tsohuwa guda? Shawararsa ita ce da zarar damina ta ɗauke a yaye rufin, a buga sabo na zamani, tunda kuma an taɓa aikin, a gyara ƙasan ɗakin gaba ɗaya.

Da yake ni ce ƴar boko da ke kusa, ni aka miƙa wa takarda da alƙalami in rubuta kayan da za a saya. Kawu yana faɗa ina rubutawa: tol, filafon, karo, siminti, ƙusa, katako. Aka ce in kira babban ɗansa, wanda ke harkar kasuwanci a Kano, in ji farashin can, don a gwada da na Kasuwar Dole. Na ce masa: "Yaya, Kawu ya ce a tambaye ka kuɗin tol da filafon da karo." Ya yi dariya ya ce: "Ƙanwata, idan na shiga Ƙofar Ruwa na faɗi haka, za su zaci wani yare nake yi. Ki ce kwano da silin da tayil." Tsakanin Damagaram da Kano bai kai tafiyar yini guda a mota ba, harshenmu ɗaya, amma ɗaki guda ba ya rufuwa da kalmomi iri ɗaya a garuruwan biyu. Ga ɗalibar kimiyyar harshe wannan abin murna ne. Na ga yadda aka raba baƙaƙen farko na kalmar Faransanci da wasali aka sami filafon, na ga yadda bakin Bakano ya tausasa kalmar Ingilishi ta koma silin, na kuma lura cewa kwano ba aro ba ne, faɗaɗa ma'ana ce aka yi daga kwanon da ake cin tuwo a ciki. Na tashi daga zauren ina ganin na tsinci maudu'in kundin digirina a ɓagas: iyakar ƙasa a cikin kalmomin aro na kayan gini.

Kakata ce ta ɓata mini wannan lissafi. Da na shiga wurinta da daddare na karanta mata takardar, sai ta tsayar da ni a kan karo. Ta ce: "Ke kishiyata, karo da wa za a yi a ɗakina?" Na yi dariya na bayyana mata cewa ba karon raguna ba ne, wasu faranta ne masu sulɓi da ake mannawa a ƙasa, irin waɗanda ta gani a asibiti. Ta yi shiru, sannan ta yi tambayar da ban shirya mata ba: "To, wa yake yin sa?" Na ce kamfani. Ta ce ɗan wane gida ne kamfanin? Na ce ba mutum ba ne. Sai ta bubbuga ƙasan ɗakin da tafin hannunta ta ce ita wannan ta san waɗanda suka yi shi, ta fara lissafa su ɗaya bayan ɗaya: uwar mijinta, da ƙannen mijinta biyu, da matar liman ta wancan zamani, da wata maƙwabciya mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda ta fi kowa ƙarfin dantse. Ta lissafa mata goma sha ɗaya. Babu ko ɗaya da ke raye.

Wanda ya tashi a gidan siminti wataƙila bai san abin da ake nufi da daɓe ba, ban da sunan. Aikin mata ne, kuma na gayya, an fi yin sa idan za a kai amarya. A share ƙasan ɗakin a daidaita shi, a baza burji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, sannan mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, su yi ta duka a tare suna matsawa da baya, da waƙoƙin da aka san su da wannan aiki, waɗanda ke daidaita saukar hannu kamar yadda waƙar daka ke daidaita taɓarya. Ba a gamawa a yini ɗaya. Idan ya sha iska ya tsattsage a sake yayyafi a sake duka, har ƙasar ta haɗe ta daina nuna tsaga. A ƙarshe a kawo makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a yi ta shafawa ana bari yana sha, har ya yi duhu-duhu yana ƙyalli. Makubar ɗakin kakata, in ji ta, daga wajen Matamaye aka kawo ta a kan jaki. Na yi shekaru ina zama a kan wannan daɓe, ina cin abinci a kansa, ina shimfiɗa tabarma in yi barcin rana a lokacin bazara domin sanyinsa, amma ban taɓa tunanin cewa hannuwan wasu mutane masu suna ne suka yi shi ba.

A daren na koma kan takardar Kawu da wani ido. Abin da na gani ya fi zancen Faransanci da Ingilishi zurfi. Kalmomin da kakata take amfani da su a kan ɗakinta kusan dukkansu daga aikatau suka fito. Daɓe daga daɓa yake, kuma saiwar tana da ƴaƴa: a daɓe ɗaki, ɗaki ya daɓu, daɓaɓɓen ɗaki, ga kuma madaɓi, wanda ɗafa-goshin ma- ya mayar da shi sunan kayan aiki. Haka yaɓe yake daga yaɓa, rufi daga rufa, gini daga gina, inda aka sami magini da magina da ginannen gida. Kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da aiki, aiki kuwa yana neman mai yi, shi ya sa tambayar "wa ya yi?" take zuwa da kanta. Karo da tol da filafon ba su haifi komai ba. Sunaye ne tsura, sunayen haja. Ba a ce ɗaki ya karu, sai dai a ce an sa masa karo, wanda ya yi aikin kuma mai sa karo ne, ba mai yin sa ba. Daɓe yin sa ake yi, karo kuwa sayen sa ake yi, kuma ƙirar kalmomin ta riga mu sanin haka.

Kada mai karatu ya ɗauka aro nake zargi. Bahaushe bai taɓa jin kunyar aro ba, ko a fagen gini. Al'amudi da ƙubba daga Larabci suka zo, tubali ma masana suna danganta shi da kalmar Larabci ta bulon ƙasa, amma babu maginin da zai ce maka baƙi ne a bakinsa. Haka kuma kalmar aro tana iya zama aikatau ta hayayyafa idan aikin ya shiga hannunmu: karanta ta ba mu karatu da makaranta da makaranci, canja ta ba mu canji da canjajje. Saboda haka rashin haihuwar karo ba daga asalinsa na Faransanci ba ne. Dalilin shi ne babu wani mataki na yin sa da ya ratsa ta hannun mai magana da Hausa, sai ɗauko shi daga kwali.

Kafin a yaye rufin na roƙi Kawu ya bar ni in kawo wani tsohon magini na unguwarmu ya duba, ba don in hana aikin ba, sai don in ɗauki maganarsa a waya. Dattijo ne da ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya fara hazo. Ya shiga ɗakin ya gaida kakata, ya ɗaga kai, ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya karɓi sandarta ya riƙa ƙwanƙwasa azarun ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya ce mini: "Ƴata, wannan giginya ce, kuma namiji. Kin ji yadda take amsawa?" Ni dai ban ji bambancin komai ba. Ya bayyana mini cewa azara daga gangar giginya ake tsaga ta, ana kuma yi da goriba inda giginya ta yi wuya, amma ba su zama ɗaya ba, kuma gara ba ta cika samun yadda take so da azarar giginya ba. Aibinta guda ne, ba ta da dogon zango. Idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Duk ƙwarewar maginan Hausa a wajen rufi, in ji shi, daga wannan gazawa ta fito: yadda za a rufe ɗaki mai faɗi da itace gajere. Sai a fara daga kusurwoyi a gitta azara a rage faɗin, a ɗora wata a kan wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har a haɗe a tsakiya. Zanen da nake kallo tun ina yarinya in na kwanta, mai kama da saƙar tabarma, ashe ba ado ba ne kawai, lissafi ne. A kan azarun a shimfiɗa zana, a kan zana a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a karkata ta yadda ruwa zai bi ta indararo ya fita. Ana yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Sai a ranar na lura cewa idan aka sare ta aka tsaga, na kusa ne ke shan inuwar, har jikokinsa.

Ɗakin kakata ƙarami ne, bai buƙaci baka ba. Amma da dattijon ya ga ina rubutu sai bakinsa ya buɗe, ya shiga ba ni sunayen manyan rufi irin na zaurukan fada da gidajen attajiran Zango: bakan gizo, inda ake ɗaure azara gaɓa-gaɓa daga bango biyu tana lanƙwasa har ta haɗu a sama, a lulluɓe ta da ƙasa, da ɗaurin guga, inda bakuna suke gittawa su haɗu a tsakiya kamar yadda igiyoyin guga suke haɗuwa a hannun mai ɗiban ruwa. Ko a nan sunayen daga rijiya da sararin sama aka ɗebo su, daga abin da kowa ya sani. Wannan ilimi ne ya kai ƙololuwa a hannun Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma irinsa ne ya tsayar da fadar Damagaram da ganuwar da aka kewaye birnin da ita a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga hirar shi ne laso, wato shafen da ake yi wa saman soro da bango don kada ruwa ya ratsa. Da na tambaye shi da me ake haɗa shi, sai ya ce katsi daga marina, gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Katsi shi ne abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwashe shi a ƙona a daka. Gashin kuwa wanda majema suka kankare daga fata ne. Wato abin da marini ya zubar da wanda majemi ya yar su ne kayan aikin magini. A nan na sami amsar tambayar kakata ta wani ɓangare: masu ƙera kayan rufi da na daɓe a tsohuwar Damagaram su ne garin kansa, sana'a tana ciyar da sana'a. Idan marina ta mutu laso ya mutu, ko da maginin yana raye, ko da kalmar tana nan daram a ƙamusun Bargery na 1934. Dattijon ya ce rabonsa da haɗa laso na gaskiya ya fi shekara ashirin.

Sai na ga ya kamata in nemo amsar ɗaya ɓangaren, in san wa yake yin karo. Na yi kwana uku ina zaga shagunan kayan gini ina karanta jikin kwalaye, masu shago suna kallona kamar ma'aikaciyar kwastan. Wasu kwalayen daga Sin suke, wasu daga Indiya, da yawa daga Nijeriya, inda ake da manyan masana'antun karo, kamar West African Ceramics da ke Ajakuta a jihar Kogi da wasu a jihar Ogun. Filafon na roba, wanda ake jerawa dogo-dogo yana shiga cikin juna, shi ma ta Kano yake shigowa, ya biyo ta Daura da Ɗan Barto da Matamaye, hanyar da makubar kakata ta biyo ƙarshenta a kan jaki. Wani mai shago da ya daɗe a harkar ya tuna mini da fallayen silin na siminti da aka yi yayi a da, ya ambaci Nigerite ta Legas da Emenite ta Inugu da Giwarite ta Kano. Wannan suna na ƙarshe ya burge ni, domin kunnena yana jin giwa a cikinsa, an ɗafa mata ƙeyar Turawa. Siminti kaɗai na samu na ƙasarmu, na Malbaza a jihar Tawa, yana gogayya da na Dangote. A duk shagunan da na shiga ban ga kwalin karo ko fallen filafon guda da aka rubuta Damagaram a jikinsa ba, a garin da aka ƙera igwa a zamanin Tanimun, wanda kuma ya riƙe hedikwatar mulkin Nijar har zuwa 1926. Mun ɗanɗana ma'anar haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, da kuma bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023. Duk wanda yake gini a waɗannan lokuta ya san yadda kaya suka yi wuya.

Duk da haka, a bayan wani shago na tarar da abin da ya sa na gyara ra'ayina. Samari huɗu ne suke yin sitaf, wato allunan farar ƙasa da ake ɗaurawa a sama a yi musu ado. A Kano da sunan birnin Faris ake kiran wannan kaya, a taƙaice shi da haruffa uku na Ingilishi, mu kuwa da Faransa ta mulka ba mu san shi da wannan suna ba. Garin farar ƙasar a buhu yake zuwa daga waje, amma allunan a nan ake yin su. Na tsaya ina sauraren su suna aiki. Babban cikinsu yana ce wa yaronsa ya kwaɓa da ruwa-ruwa, ya zuba, ya baza zare, ya bari ya kama, kada ya ɓamɓare shi bai ƙosa ba. Wani allo da ya fito da kyau suka ce ya zubu. Kalmar sitaf ce kaɗai baƙuwa a cikin zancen nasu, duk aikatan Hausa ne, wasunsu ma su ne tsohon maginin ya yi amfani da su a kan ƙasa da laso. Inda hannu ya koma cikin aiki, aikatau ya dawo da kansa, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Ba zan ɓoye cewa Kawu yana da gaskiyarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rufin ƙasa yana son kulawa kowace shekara, a hau kafin ruwan farko a toshe tsaga, a share indararo, kuma samarin gidan da suke yin haka duk sun watse, wasu suna Yamai, wasu suna Agadas. Rufin da aka yi sakaci da shi kisa yake yi, domin ƙasar da ke samansa nauyi gare ta, in ta sha ruwa kuma ta ninka. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin nan na Babban Gwani a Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Ga kuma itacen kansa. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma da kowane gida a Damagaram ta yau zai nemi azara, da ba a bar ko ɗaya a tsaye ba daga nan har Gaya. Wannan matsala ce ta sa tun 1980 aka fara gwada gini marar itace a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar bulon ƙasa zalla. Ita ma kakata ba ta yi wa daɓe kwalliya ba. Ta ce aikin yana karya ƙugu, kuma ta san matar da ta yi ɓari bayan gayyar daɓe. Masu kukan a bar kayan gargajiya yadda suke, galibi ba su ne suke hawa soro a watan Mayu ba.

A watan Nuwamba aka yaye rufin. Aka buga tol, aka jera filafon na roba fari mai ratsin shuɗi, aka sa ƙwan lantarki a tsakiya. Ɗakin ya yi haske, ya yi kyau, ƴan uwa suna ta shigowa suna sa albarka. A kan karo ne kakata ta kafe. Ta ce ta ga yadda wata ƙawarta ta zame a kansa da ruwan alwala ta karye a ƙugu, ba ta ƙara tashi ba, kuma ita ba za a binne mata hannun uwar mijinta da siminti tana raye ba. Kawu ya yi lallashi har ya gaji, ya ce: "Inna, duk yadda kika ce haka za a yi." Sai dai masu aikin rufin sun riga sun farfasa daɓen da ƙafar tsani da faɗuwar ƙasa, dole a sabunta shi. A nan muka gane inda muke. Muka zaga unguwa neman matan da suka iya, muka samu huɗu, ƙaramarsu ta haura sittin. Madaɓi biyu kawai aka samu, ɗaya a ƙarƙashin gadon kakata, ɗaya an mayar da shi abin tokare ƙofa a wani gida, sai da aka kai wa masassaƙi ya kwaikwaya. Makuba kuwa sai da aka yi sako ƙauye aka jira mako biyu. Ni da ƴaƴan Kawu mata muka durƙusa tare da tsofaffin. Ban kai rabin sa'a ba tafin hannuna ya yi ƙulli, kuma duk inda na daka sai wata tsohuwa ta biyo baya ta sake, tana cewa ina dukan ƙasar kamar mai jin haushinta, alhali lallashinta ake yi. Na san kalmar daɓe da dukan ƴaƴanta, zan iya tsaga ta gaɓa-gaɓa a kan allo in nuna saiwa da ɗafi, amma ɗaki bai daɓu a hannuna ba.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma tun daga lokacin ake ta zancen ƙirƙirar kalmomi a sashenmu. Na ji wani ɗan ajinmu yana ba da shawarar a daina cewa karo a ce daɓen zamani, a daina cewa filafon a ce rufin ciki. Ban ƙi ba, rufin ciki ma ya yi mini daɗi a kunne. Amma ina ganin idan muka kira karo daɓe mun yi wa kalmar fashin abin da ya sa ta zama ita, mun bar ta da suna babu aiki, kamar sarautar da aka raba da ƙasarta. Na fi son a bar karo a karonsa, tunda haka masu saye da sayarwa suke kiran sa, mu kuma mu ɗauki na'urar ɗaukar magana mu tafi wurin sauran maginan Birni da tsofaffin mata da samarin sitaf, mu ɗauki aikatan tare da hoton hannun da ke yin su. An sa tsohon birnin Damagaram a jerin wuraren da Nijar take neman UNESCO ta amince da su tun 2006, amma abin da ake lissafawa a irin wannan jeri bango ne da ƙofa. Na canja maudu'in kundina a kan haka, malamina ya amince bayan ya ja mini kunne cewa kada in mayar da shi makoki.

Bazarar da ta biyo baya ta gwada sabon rufin. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe ɗakin yake zama tanda, filafon ɗin yana ɗan ƙara kamar mai miƙa, kakata kuma ta kwashe tabarmarta ta koma ƙarƙashin bedin tsakar gida, ba ta komawa ciki sai dare ya raba. Da damina ta zo kuwa ko ɗigo bai zuba ba, Kawu ya yi barcinsa, ita kuma ta ce ƙarar ruwa a kan tol tana hana ta jin kiran asuba. Har yau ba ta yarda ta ce filafon ba, roba take ce masa. Azarun da aka sauke, tsohon maginin ne ya zo da amalanke ya saye su. Na tsaya yana ƙirgawa yana ƙwanƙwasa kowace da ƙotar gatari, ya ware uku ya ce sun mutu, a kai murhu. Sauran arba'in da ɗaya ya ce zai rufa wa wani mutum zaure da su a Zango. Na tambaye shi ko za su ƙara shekara nawa. Ya ce in tambayi wanda zai riƙa hawa soron.